Begilar Yahuza da Geron Inna Tani

Akwai wani mutum a Birnin Kudu ana kiransa Yahuza mai man gyaɗa. Matarsa Kubra ce ke matse man a gida, shi kuma ya ɗaura jarkoki a bayan babur ya bi kasuwannin ƙauye yana sayarwa. Mutum ne mai sanyin hali. Ba ya algus, ba ya faɗa, ko kaza ce ta tsaya masa a hanya sai ya kashe babur ya jira ta gama tunaninta.

Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne. Tun yana firamare ya ga 'yan badujala sun wuce suna fareti, mai begila a gaba, kumatu sun cika tam. Daga ranar zuciyarsa ta bi su, ba ta dawo ba har furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Begila dai, ga wanda bai sani ba, ita ce ƙahon ƙarfen nan mai ruwan zinariya da sojoji da 'yan sanda ke busawa, mai madannai uku a sama.

Sai Yahuza ya ji labarin wani tsohon ɗan sanda a Gwaram, Kofur Iliyasu, wanda ya yi ritaya ya tara masu sha'awa ya kafa 'yar ƙungiyar badujala. Suna busa a filin ƙwallo da ranar wasannin makarantu. Sharaɗin Kofur guda ne: kowa ya zo da abin busarsa.

Wata rana Yahuza ya kai mai Kano, ya biya ta Sabon Gari, sai ga begila a rataye a wani shago tana ƙyalli. Ya tambayi kuɗinta yana shirin ya ji ya yi gaba, sai ya tarar ko na tunkiya mai kyau bai kai ba.

Mai shagon ya gaya masa gaskiya: “Malam, wannan ta 'yan koyo ce, ba ta manyan makaɗa ba. Amma ba abin da ke damunta. Ga akwatinta, ga 'yar kwalbar mai. Ka riƙa ɗiga wa madannan.”

Da ya iso gida ya buɗe 'yar kwalbar, wadda ba ta fi ta maganin ido ba, ya ɗiga a yatsa ya murza, ya shinshina. Ya taɓe baki.

“Kubra, zo ki ga abin da suke kira mai. Wannan ai ruwa ne. A gidan da ake matse mai za a kawo mana wannan? Miƙo min na farkon matsa.”

Ya kwance madannan nan ya shayar da su man gyaɗa har suka ƙoshi.

Ranar farko madannan suka yi santsi, Yahuza ya ce kun gani. Da kwanaki suka ja, man ya yi danƙo a ciki. Sai ya zama in ya danna ɗaya, ba ya dawowa sai ya ga dama. Wani ya tsaya a rabi. Wani ya dawo bayan an wuce wajensa. Ga shi mai busar bai iya ba, abin busar kuma ya shaƙe.

Sautin da ke fita, jama'a, ba shi da suna a Hausa. Yanzu ka ji kamar jaki ya sa kai a tulu, an jima kamar babbar mota ta kasa hawa tudu, an jima kuma kamar an taka wutsiyar abin da ba a san yana da wutsiya ba. Wata maƙwabciya ta aiko tana tambaya ko raƙumi ne ke naƙuda a gidan, tana da magani.

Kubra ta yi haƙuri iyakar nata, sannan ta ce, “Baban Zahara'u, kajina sun daina ƙwai. Ni ma in ka ci gaba zan daina matse mai, don hannuna rawa yake.”

Mai unguwa ya kira shi ƙofar gida ya ce, “Yahuza, ba wanda ya hana ka sha'awarka. Amma ka kai ta inda ba mutane.”

Ya koma bayan duwatsu. Can kuma duwatsun suka riƙa maido masa da sautin ninki biyu, har wani makiyayi ya zo da sanda a kafaɗa ya roƙe shi don Allah, wai shanunsa sun riƙe nono.

To, a wani ƙauye na Sundimina akwai wata tsohuwa, Inna Tani, wadda Yahuza kan sayi 'yar gyaɗarta. Mijinta ya rasu. Ɗanta guda yana Kano yana tuƙa adaidaita, gaisuwa yake aikowa a kan kari, ita ce dai ba ta yankewa. A ɗaki kuma ga yayarta kwance, ƙafa ta hana ta tashi. Abin da bakin nan biyu za su ci shekara, gona ɗaya ce ta gero a bayan gari.

Ranar da ya biya ta wajenta ta ga akwatin a ɗaure a babur.

“Yahuza, wannan akwatin fa? Allura ka fara yi wa mutane?”

“Inna, abin busa ne. An kore ni da shi daga ko'ina.”

“Busa na ji.”

Ya busa. Akuyarta ta tsinke igiya ta yi cikin gari. Inna Tani ta jira har ƙarar ta gama fita daga kanta, sannan ta ce:

“To, babu daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni ma tuwona na farko, kare ya shinshina ya wuce. Akwai tsamiya a bakin gonata, je ka zauna can ka yi ta yi. Kunnena na hagu ya daɗe da ajiye aiki, shi zan juyo maka.”

Haka Yahuza ya samu wuri. Da safe kafin kasuwa ya biyo, da la'asar in ya taso ya sake biyowa. Inna Tani tana cirar ciyawa, shi yana gindin tsamiya yana wahalar da iska. Wani sa'in har ta ajiye masa fura a ƙwarya.

Geron Inna Tani kuwa ya makara a shekarar. Ba ta da shanun huɗa, sai da masu shanu suka gama nasu kaf sannan aka zo mata. Shukar farko kuma ta ƙone, ta sake. Duk manomi ya san abin da wannan ke jawowa: ranar da kowa ya yanke nasa ya kai rumbu, gonar da ta rage a tsaye ita ce za ta ciyar da duk tsuntsun ƙasar.

Haka kuwa aka yi. Maƙwabta suka girbe, nata yana nono, ƙwaya ba ta yi ƙarfi ba. Sai ga jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu tafiya a garke kamar hadari. In suka sauka a gona, kafin ka idar da sallar walaha sun bar maka zangarniya tsirara.

Inna Tani ta zagaye gonar da igiya ta rataya gwangwanaye. Ta kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar mijinta. Amma jan-baki ba wawa ba ne. Duk ƙarar da ya ji ta maimaita kanta, sai ya gane ba ta cizo. Ba a jima ba suka saba da gwangwani, mutum-mutumin kuma a kan hularsa suke hutawa in sun gaji da ci.

Abu ɗaya ne suka kasa sabawa da shi: begilar Yahuza. Yaya za a saba da abin da shi kansa mai busawar bai san me zai fito ba? Da ya sa baki, sai garken ya tashi gaba ɗaya ya yi gabas.

Inna Tani ce ta fara lura. Ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon sama ta ce, “Ikon Allah. Yahuza, ashe abin nan naka yana da amfani.”

Yahuza ya yi murmushi, amma maganar ba ta kwanta masa ba. Shi ba don korar tsuntsu ya sayi begila ba.

Ranar wata kasuwa ya ɗaure akwati ya nufi Gwaram wajen Kofur Iliyasu. Kofur dogo ne, mai gashin baki, har yanzu in zai juya sai ya buga ƙafa. Ya karɓi begilar, ya danna madanni, madanni ya ƙi dawowa. Ya kai ta hanci.

“Malam Yahuza, wannan begila ce ko kaskon suya?”

“Man gyaɗa ne, Kofur. Na farkon matsa.”

“Na ji. Saura albasa.”

Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da sabulu, ya kwance ta gaɓa-gaɓa ya wanke, ya shanya, ya ɗiga mata irin man nan mai kama da ruwa. Ya sa baki ya busa. Yahuza ya kusa kuka. Ashe duk abin nan muryar tana ciki.

“Ba laifin begila ba ne,” in ji Kofur. “Araha ce, amma lafiyarta ƙalau. Kai ne ka yi mata ɗure.”

Ya koya masa yadda ake matse leɓe, da yadda ake tura iska daga ciki ba daga kumatu ba, ya ba shi wani ɗan taken fareti mai sauƙi. Sannan ya ce:

“Mai begilarmu ɗaya ya tafi Kaduna, ga wasan ƙarshe na ƙwallo ya matso. Akwai wani malamin makaranta da ke son gurbin, amma na ga ka fi shi ƙishirwa. Je ka yi ta maimaita wannan. Ran Laraba mai zuwa zan bi ta Sundimina in ji ka. In ka yi shi tsaf, riga da hula naka ne.”

Yahuza ya koma gindin tsamiya da take guda a baki. Safe shi, la'asar shi. Da fari yana tuntuɓe, daga baya ya miƙe, har ya fara daɗi. Masu wucewa a kan keke suka fara rage gudu.

Jan-baki ma suka fara rage gudu.

Da farko nesa suke tsayawa. Da suka ji yau abin jiya ne, gobe ma shi ne, sai suka matso gefen gona. Wasu mutane ma sun rantse sun ga tsuntsayen suna gyaɗa kai daidai da taken, amma wannan ban tsaya a kansa ba.

Inna Tani ta ga gefen gonarta ya fara yin fari. Ta zo gindin tsamiya ta tsaya.

“Yahuza, abin ya yi daɗi yanzu.”

“Kin ji ko, Inna? Kofur ya ce da ma can muryar tana ciki.”

“Na ji. Su ma sun ji.”

Ta nuna gonar da haɓa. Yahuza ya ɗan waiga, ya ce ai kaɗan ne, da Laraba ta wuce zai san abin yi. Inna Tani ba ta ƙara ba. Ita ta ba shi wurin don ya koya, ga shi ya koya. Ba za ta buɗe baki ta ce ya koma baya ba. Ta ɗauki gwangwani da kara ta shiga kunya-kunya tana bugawa da kanta, tana jan ƙafa. Geron kuwa 'yan kwanaki kawai yake nema ya ƙosa.

Ran Laraba da la'asar Kofur Iliyasu ya iso a kan babur, da mai ganga a bayansa. Mutanen ƙauye suka ji labari suka taru. Yahuza ya sha wankakkiyar shadda, ya goge begila har tana kashe ido.

“Bismillah,” in ji Kofur, ya harɗe hannuwa a baya.

Yahuza ya fara. Wallahi ya yi kyau. Sautin ya fita sumul, mai ganga ya ɗauka a hankali, Kofur ya fara buga ƙafa.

Ana cikin haka rana ta dushe kamar hadari ya taso. Ba hadari ba ne. Garken da ya zo ranar, na baya duk 'yan leƙen asiri ne. Suka yi shawagi sau ɗaya a kan tsamiya, suka ji taken da suka sani, suka zuba cikin geron kamar an juye buhu.

Ta saman begilar Yahuza ya hango Inna Tani. Tana tsakiyar gona, tana buga gwangwani, tana kaɗa mayafi. Ta kora nan, su sauka can. Ta yunƙura za ta bi su, ƙafa ta harɗe a kunya, ta durƙushe. Ba ta kira shi ba. Ko waigowa wajensa ba ta yi ba. Daga durƙushen ta ci gaba da buga gwangwaninta.

Yahuza ya sauke begila.

“Ci gaba mana,” in ji Kofur, “saura kaɗan ka kai ƙarshe.”

Yahuza ya mai da ita baki ya yi ƙoƙarin fitar da irin mummunar ƙarar nan ta da. Ina! Leɓe ya riga ya gyaru, begila ta wanku. Duk yadda ya murɗa, abu mai daɗi ke fita. Tsuntsu ko ɗaga kai bai yi ba.

Sai ya dubi babur ɗinsa, inda jarkar mai ke ɗaure. A gindinta akwai tsohon dabbaren mai mai kauri, wanda ya kwanta ya yi danƙo, irin wanda ko kyauta ba ya ba mutane.

Kofur ya ga inda idonsa ya tafi. “Malam Yahuza, kada ka soma. In ka sake zuba mata wannan abin a gabana, kada ka zo min Gwaram. Ni ba na ɗaukar wanda ba ya girmama kayan aikinsa.”

“Kofur, ka yi haƙuri. Lokacin da ba mai iya jin ta, matar can ce ta ba ni inuwa.”

Ya kwance madannan ya lafta musu dabbaren nan, ya mayar ba tare da ya duba wanne ne na wane rami ba. Mai ya ɗiga a gaban shaddar. Ya cika ƙirji, ya rufe ido, ya busa.

Jama'a, abin da ya fito ranar ya fi na da. Mai ganga ya saki ganga. Wani mai keke ya faɗa kwata. Jan-baki kuwa suka tashi tamkar an yaye bargo daga kan gonar, suka yi sama suna karo da juna. Yahuza bai tsaya ba. Ya shiga cikin geron yana tafe yana busawa, kowace busa da irin nata bala'in, har ya kai inda Inna Tani take, ya miƙa mata hannu ɗaya ya tashe ta, ɗayan yana riƙe da begila a baki.

Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kofur bai yi dariya ba. Ya tayar da babur, ya ce, “Allah ya ba da lada. Gurbi kuma na malamin makaranta ne.” Ya buga ƙafa ya tafi.

Ranar wasan ƙarshe, lokacin da badujala ke zagaya fili a Gwaram, Yahuza yana Sundimina cikin gero, leɓe a kumbure. Ya ajiye zuwa kasuwa, Kubra ta riƙa sayar da man a ƙofar gida tana mita, tana kuma aiko masa da abinci. Tun hantsi har rana ta yi sanyi yana zagaya gona. Tsuntsayen sukan dawo su gwada, su ji abin da ba su taɓa ji ba, su koma.

Gero ya ƙosa. Maƙwabta suka taru suka yanke mata, aka ɗaure dammuna aka kai gida. Gefen da tsuntsu ya ci ya tafi, amma rumbu ya cika har sai da aka danna da ƙafa.

Kafin a gama share gonar, labari ya kai ƙauyukan Surko da Unguwar Ya. Masu dawar da ta makara suka fara sallama a ƙofar gidan Yahuza, kowa da ɗan abin hannunsa, kowa kuma da sharaɗi iri ɗaya: “Malam Yahuza, don Allah marar daɗin muke so.” Mutumin da ya rasa inda zai zauna ya busa, sai ga shi ana rigima a kan gonar wa zai fara zuwa.

Inna Tani ta sa aka ɗaura masa dammuna a babur har taya ta kwanta. Ya ce ba zai karɓa ba. Ta ce ba shi ta ba, leɓensa ta ba, in yana da magana ya yi da shi.

Sannan ta zauna a bakin rumbu ta miƙe ƙafa ta ce, “To, yanzu je ka wanke ta ka busa min mai daɗin nan. Ranar ban samu na saurara ba.”

Ya wanke ta da ruwan ɗumi, ya ɗiga mata man kwalba, ya tsaya a tsakar gidan ya busa taken daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Yayarta daga cikin ɗaki ta yi guɗa da 'yar muryarta.

Inna Tani ta share ido da bakin zane. Sannan ta ɗora tafin hannu a jikin rumbun.

“Da daɗi, Yahuza, Allah ya yi maka albarka. Amma waccan mummunar ita za mu ci har baɗi.”

Darasi: Wanda ya jure ka lokacin da ba ka iya komai ba, kada ka bar shi a durƙushe ranar da ka fara iyawa. In ya kama ka zubar da kwalliyarka a gaban jama'a don ka tsare masa abincinsa, zubar da ita, ba za ka taɓe ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san akwai wata Inna Tani a rayuwarsa da ya daɗe bai leƙa ba.